Galmi, garin da albasa ta kai sunansa nesa

Galmi gari ne na manoma da ƴan kasuwa a jahar Tawa, cikin ƙaramar hukumar Dogarawa ta gundumar Malbaza. Yana bakin babbar hanyar ƙasa mai lamba 1, tsakanin Birnin Ƙonni da Madawa, kusan kilomita 500 gabas da Yamai. Wanda ya taso daga Dogon Dutsi zai yi tafiyar kimanin kilomita 200 kafin ya isa. Garin bai kai girman Ƙonni ko Madawa ba, kuma ba shi ne babban birnin gundumarsa ba, amma a kasuwannin Akara, Kumasi, Abijan, Lome da Kwatano an fi sanin sunansa. Dalili kuwa jar albasar nan ce da manoma ke kira ƴar Galmi, wadda a takardun faransanci ake rubutawa Violet de Galmi. Tun shekarar 2021 sunan nan yana da rajista a matsayin alamar asalin wuri, wato irin kariyar da Faransa ta daɗe tana ba kayan wasu ƙauyukanta.

Garin da ƙasarsa

Galmi na cikin yankin da masana ƙasa ke kira Adar-Dutsi-Majiya. Tuddai ne masu duwatsu da tsakuwa, waɗanda kwaruruka suka ratsa. Ruwan damina na gangarowa daga tuddan ya kwanta cikin kwari, ya bar laka mai taushi, kuma a wurare da yawa ruwan ƙasa ba ya da nisa. Kwarin Majiya da na Tarka da na Keita su ne cibiyar noman rani a jahar Tawa, kuma daga nan ne fiye da rabin albasar Nijar ke fitowa.

A farkon shekarun 1980 an gina wa Galmi madatsar ruwa da taimakon Jamus ta Yamma, aka gyara fili mai kimanin hekta 250 da ruwa ke bi ta magudanai ba tare da inji ba. Manoman filin na aiki cikin ƙungiyar haɗin gwiwa, ƙarƙashin kulawar ONAHA, ma'aikatar filayen ban ruwa da aka kafa a 1978. Kamar sauran madatsun yankin, wannan ma tana fama da yashi da laka da ke cike ta sannu a hankali. A wajen filin gwamnati akwai garake masu yawa na mutane, inda dā ake ɗiban ruwa da guga da jigo, yanzu kuma ƙananan injinan ban ruwa sun karɓi aikin.

Abu na biyu da aka san garin da shi shi ne asibitin mishan na SIM, wanda aka buɗe a 1950, kuma har yanzu marasa lafiya na zuwa daga sassan Nijar da arewacin Najeriya. Kamfanin siminti na Malbaza ma yana kusa, a kan wannan hanya.

Wace ce ƴar Galmi

Asalin albasa daga tsakiyar nahiyar Asiya yake. Sunanta na Hausa aro ne daga Larabci, abin da ke nuna cewa ta hanyar fatauci da arewa ta shigo ƙasar Hausa, tun ƙarnuka da suka wuce. Manoman Adar da Gobir sun yi ta zaɓen kawunan da suka fi kyau suna barin su iri, har kowane kwari ya samu irinsa.

A shekarun 1960 da farkon 1970 masu bincike na cibiyar IRAT ta Faransa, waɗanda ke aiki a tashar Tarna kusa da Maraɗi, suka tattara irin albasar manoma suka tace shi. Daga wannan aiki ne aka fitar da ire-iren da aka yi wa suna a hukumance: ja ta Galmi, fara ta Galmi, da fara ta Sumarana. Da aka kafa cibiyar binciken noma ta ƙasa, INRAN, a 1975, ita ta gaji kula da tsabtar irin. Saboda haka ƴar Galmi ta yau aikin hannu biyu ce, na manoman da suka raine ta shekara da shekaru da na masu binciken da suka daidaita ta.

Kanta zagayayye ne mai ɗan faɗi, ɓawonta ja ne mai ɗaukar launin shunayya. Tana da yaji da ƙamshi mai ƙarfi, kuma ba ta cika ruwa ba. Mai girki na son ta don kai ɗaya yana yin aikin da sai an sa biyu na wata albasa, kuma tana narkewa cikin miya ta ba ta kauri. Ɗan kasuwa na son ta don tana jure ajiya da doguwar tafiya cikin zafi fiye da yawancin ire-ire. Tana da aibi ɗaya da manoma suka sani: in an yi dashe da wuri kuma sanyi ya kama ta, wasu kawunan kan fitar da kara su yi fure tun a shekarar farko, irin wannan kai kuwa ba ya ajiyuwa.

Yadda ake noman ta

Babban noman na rani ne. Ana zuba iri a wurin reno bayan ɗaukewar ruwa, wajen watan Oktoba zuwa Nuwamba. Bayan kamar kwana 40 zuwa 50 a cire ƴaƴan a dasa su cikin fangali. Daga nan sai ban ruwa a kai a kai, cire ciyawa, da sa taki, na dabbobi da na zamani. Bayan kimanin wata 4, idan ganyen ya fara kwanciya, manomi ya yanke ruwa na wasu kwanaki domin kan ya bushe, sannan a tona. Yawancin girbin yana faɗowa a Maris da Afrilu.

Samun iri kuwa aikin shekara biyu ne. A shekarar farko ana samun kai, a ajiye shi, a shekara ta biyu a sake binne shi ya yi fure ya ba da ƙwaya. Idan gonar iri na kusa da gonar wata albasa daban, ƙudan zuma da sauran ƙwari kan gauraya su, launi da siffa su fara canzawa. Wannan ne ya sa irin da ake sayarwa a kasuwa ba tare da shaida ba yakan ba da kawuna masu launi dabam-dabam.

Ba a zubar da komai nata. Lawashi na shiga miya, ko a daka shi a dunƙule a shanya ya zama gabu, wanda mata ke sayarwa duk shekara.

Ajiya ita ce babbar matsala. Rudu, wato ɗakin kara da ciyawa da ake ɗorawa a kan dandamali don iska ta riƙa ratsawa, shi ne ma'ajin gargajiya. A cikin watannin bazara da damina wani kaso mai yawa na abin da aka zuba yakan ruɓe ko ya tsiro, wani lokaci ya kai kashi ɗaya cikin uku. Albasar da aka cika wa takin zamani, ko aka tone ta ba ta gama bushewa ba, ita ta fi saurin lalacewa. An gwada ɗakunan ajiya na laka masu tagogi da katakai hawa-hawa, sun kuma rage asara, sai dai kuɗin gina su ya fi ƙarfin ƙaramin manomi.

Kasuwa da hanya

Nijar na noma fiye da tan miliyan 1 na albasa a shekara, kuma albasa na cikin manyan kayan da ƙasar ke fitarwa, tare da yuraniyom da dabbobi. Galmi, Madawa, Tsarnawa, Tamaske da Keita ne manyan wuraren lodi. Tsakanin manomi da mai mota akwai dillali, akwai masu cika buhu da masu ɗinki da ƴan dako, kowa da rabonsa. A Abijan da Akara ma yawancin manyan dilolin albasa Hausawa ne, da yawansu ƴan asalin jahar Tawa, kuma ciniki na tafiya a kan amana da bashi tsakanin dangi da ƴan gari ɗaya.

Ma'aunin ciniki shi ne babban buhu, wanda ake cikawa har ya yi tozo a ɗinke masa hula, nauyinsa ya haura kilo 100. Tun da da buhu ake saye ba da sikeli ba, duk abin da aka ƙara a saman buhun daga aljihun manomi ya fita. An yi ƙoƙarin shigo da ƙananan buhunan raga na kilo 25 da 50, amma babban buhu bai bar kasuwa ba.

Farashi na bin kalanda. A Maris da Afrilu kowa ya tone a lokaci ɗaya, ga bashin taki da na mai yana jira, sai buhu ya faɗi. Daga ƙarshen damina zuwa Disamba kaya sun yi ƙaranci, kuɗin buhu ya ninka sau biyu ko uku, wani lokaci fiye. Wanda ya iya ajiyewa shi ke cin wannan riba, kuma sau da yawa ba manomin ba ne. A daidai wannan lokaci ne manoman tsaunukan Ayar a jahar Agadas, irin su Tabelot, ke fito da albasar da suka noma da damina, kuma a lokacin ne albasar Holan ke cika kasuwannin bakin teku.

Hanya ma na da nata hukunci. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, ƙungiyar CEDEAO ta sa wa Nijar takunkumi, aka rufe iyakokin Benin da Najeriya. Motocin albasa suka maƙale, kaya suka ruɓe, farashi ya tashi a Gana. An ɗage takunkumin a Fabrairun 2024, amma gadar Gaya da Malanvil ta ci gaba da zama a rufe daga ɓangaren Nijar, ya zama dole fatake su bi ta Burkina Faso ko Najeriya, da ƙarin kwanaki da ƙarin kuɗin duwan da shingaye. Kayan da ke ruɓewa ba ya jiran sulhun gwamnatoci.

Rikicin suna

Ingancin ƴar Galmi ya sa irinta ya bazu. Ana shuka ta a Senegal, Mali, Burkina Faso, Cadi da arewacin Kamaru, kuma kamfanonin iri na sayar da ita cikin gwangwani. Wani kamfanin iri da ke Senegal, Tropicasem, ya nemi takardar mallakar wani iri da sunan Violet de Galmi a gaban OAPI, hukumar kare haƙƙin fasaha mai ƙasashe 17 da ke da cibiya a Yawunde. Maganar ta fito fili a 2009, ta tayar da hankalin ƙungiyoyin manoma. Gwamnatin Nijar ta ƙalubalanci buƙatar, ƙungiyar masu sana'ar albasa ta ƙasa, ANFO, ta tsaya a kan maganar, a ƙarshe kamfanin ya bar sunan ya koma kiran irinsa Violet de Damani.

Wannan lamari ya nuna wa manoma cewa sunan gari dukiya ce da wani ke iya kai wa hannu, kuma abin da ba a rubuta ba yana da wuyar karewa a gaban hukuma. Daga nan neman rajistar asalin wuri ya ƙara ƙarfi.

Misalin Fujerol

Tsarin kare sunan wuri a Faransa ya girma. A 1925 doka ta kare sunan cukun Roquefort, a 1935 kuma aka kafa hukumar da ake kira INAO a yau, mai ba da lambar AOC. Wani ƙaramin gari da ya yi kama da Galmi ta wannan fuska shi ne Fougerolles, ana furta shi Fujerol, a gundumar Haute-Saône da ke gabashin Faransa, gindin duwatsun Vosges. Mutanensa kimanin 4,000 ne, kuma tun 2019 aka haɗa shi da wani ƙauye maƙwabci ya zama Fougerolles-Saint-Valbert.

An san garin da itatuwan ceri, wani ɗan itace ja ko baƙi mai ƙwallo ɗaya, girmansa kamar na kanya. Itatuwan dogaye ne, a warwatse cikin makiyayar shanu. Ana girbin ƴaƴan daga ƙarshen Yuni zuwa Yuli, a bar su su tsima, sannan a tace su da wuta a samu farar barasa mai ƙarfi da ake kira kirsch. Garin na da gidan tarihi na ceri da bikin ceri kowace shekara. Barasa ba kayan kasuwar yawancin masu karatunmu ba ce, amma matsalar da manoman Fujerol suka fuskanta irin ta Galmi ce: wasu na haɗa barasa mai arha da ɗan ƙamshi su sayar da sunan kirsch, mai kayan gaske ya rasa yadda zai bambanta nasa.

Bayan shekaru masu yawa na nema, a 2010 kirsch na Fujerol ya samu lambar AOC. Ƙa'idar ta iyakance ƙananan hukumomi 11 da za a iya yin sa, ta fayyace ire-iren ceri na yankin da aka yarda da su, da yadda za a tsima su a tace. Akwai masu bincike da ke duba gonaki da wuraren tacewa, akwai masu ɗanɗanawa, kuma wanda ya saɓa ƙa'ida ana hana shi amfani da sunan. Ƙarfin lambar yana cikin wannan binciken da kuma kwalbar da ke zuwa hannun mai saye a rufe da tambari.

Takardar 2021 da abin da ya rage

OAPI, wadda yarjejeniyar Bangi ta 1977 ta kafa, ta fara rajistar irin waɗannan sunaye a 2013, da masoron Penja da farar zumar Oku na Kamaru, da kofin Ziama-Macenta na Gine. A 2021 Nijar ta shiga sahu: albasar Galmi da kilishin Nijar suka samu alamar asalin wuri, cuku da fatar jar akuyar Maraɗi kuma suka samu tambarin haɗin gwiwa.

Hausawa na cewa albasa ba ta yi halin ruwa ba. Hujjar rajistar kuwa ita ce ƴar Galmi ta yi halin ƙasarta: lakar kwarin, busasshiyar iskar hunturu, da hannun manoman da suka san lokacin dashe da lokacin yanke ruwa. A bisa doka, albasar da aka noma cikin yankin da aka shata a jahar Tawa, bisa ƙa'idar da aka rubuta, ita ce ke da haƙƙin ɗaukar alamar a ƙasashen OAPI.

Sai dai akwai ƙulli uku da takardar ba ta kwance ba. Na farko, sunan na wuri ne kuma na iri ne a lokaci ɗaya. Manomin Senegal da ya sayi gwangwanin iri mai wannan suna ya shuka a gonarsa yana ganin bai yi ƙarya ba in ya kira amfaninsa da sunan. Na biyu, Gana da Najeriya, waɗanda ke cikin manyan masu sayen albasar Nijar, ba sa cikin OAPI, don haka rajistar ba ta aiki a can kai tsaye. Na uku, albasa ba a kwalba take tafiya ba. Ana juye buhu a kasuwa, a kasa ta kashi-kashi a faifai, kuma ba mai iya rantsuwa cewa wannan daga Majiya ta fito, waccan daga Aliero ta jahar Kebbi.

Domin alamar ta koma kuɗi a hannun manomi, sai an samu tsabtataccen iri mai shaida, da wuraren tantancewa inda ake ware manya da ƙanana a zuba cikin buhu mai tambari da nauyi sananne, da masu binciken da ƙungiyar manoma ke iya biya, da ma'aji mai kyau wanda zai ba manomi damar jiran farashi. Masoron Penja ya nuna abin na yiwuwa: bayan rajistarsa farashinsa ya tashi, kuma a 2022 Tarayyar Turai ma ta amince da sunan. Amma masoro busasshen kaya ne mai tsada da ake sayarwa cikin ƙananan ƙunshi, albasa kuwa kayan gingimari ce.

Abin da ya shafi Arewa

Motocin albasar da ke nufar Yamai da Doso ta Dogon Dutsi suke ratsawa, kuma manoman rani na kwarin Dallol Mawri, a gundumomin Dogon Dutsi da Tibiri, su ma suna shuka wannan iri. Ga su, tambayar yankin da aka shata ba ta takarda ba ce kawai, domin ita za ta nuna ko albasarsu za ta shiga buhu mai tambari ko za ta tsaya a na gama-gari.

Arewa na da nata sunayen da suka yi nisa. Lugu, a ƙaramar hukumar Dankasari, ƙauye ne ƙarami, amma an san shi har ƙetare saboda Sarauniya Mangu da ta tsaya wa rundunar Voulet da Chanoine a Afrilun 1899. Wannan suna tarihi ne ya ba shi. A fagen noma kuwa dankalin turawa ne ke ɗaukar sunan Dogon Dutsi zuwa kasuwannin Yamai. Bambancinsa da albasar Galmi shi ne yawancin irin dankalin daga Turai ake shigo da shi kowace shekara, alhali ƴar Galmi irinta na gida ne, manomi na iya fitar da shi da hannunsa. Abin da aka raina a wuri tun kaka da kakanni ya fi sauƙin karewa da sunan wurin.

A sauran sassan ƙasa akwai tattasan Difa, gishirin Bilma da na Foga, ayar Maraɗi da shanun Azawak, waɗanda duka kasuwa ta riga ta haɗa su da wurarensu. Duk ƙungiyar manoma ko masu sana'a da ke son bin sawun Galmi, matakin farko shi ne su zauna su rubuta abin da ya bambanta kayansu, iyakar yankin da ake yin sa, da wanda zai duba cewa ana bin ƙa'ida. Bayan haka ne buƙatar ke bi ta ma'aikatar da ke kula da masana'antu a Yamai zuwa Yawunde.